Kwana Goma Sha Biyu a Rajistar Malam Maccido

A makarantar kwana ta maza da ke bayan garin Tambuwal, idan yaro ya gudu, ba a kai maganar ofishin firinsifal sai an leƙa gindin darbejiya an ga ko babur ɗin Malam Maccido yana nan. In ba ya nan, an san ya riga ya bi sawu. Shekara ashirin da ɗaya yana wannan aiki, ba wanda ya sa shi. Labarin ƙasa aka ɗauke shi ya koyar. Ɗauko yara kuwa shi ya ɗora wa kansa.

Mutumin Jabo ne, na uku a ɗakin uwarsa. Ubansu manomi ne mai 'yan shanu, mutum mai fara'a, wanda yakan ɗora Maccido a wuya ya kai shi kasuwa ya saya masa rake. Amma babban wansu, Dikko, tsohon bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya kallonsa, ba ya cin abinci inda yake zaune, in yana nemansa sai ya ce, "Ku kira min wancan." Ranar da ciwon ajali ya kwantar da tsohon, sai ya miƙa wa Dikko sandar kiwo da bijimin da ya fi ƙauna, fuskarsa tana kallon bango. Maccido yana tsaye a bakin ƙofa. Daga nan ya riƙe a ransa cewa son da ba a furta shi ya fi nauyi, kuma ɗan fari ya san da haka ba sai an gaya masa ba. Bai taɓa tambayar Dikko ba.

Da ya zama malami, sai ya zamana yana karanta yaran maza kamar yadda ubansa yake karanta hadari. Namiji ɗan shekara goma sha biyar ba ya cewa yana cikin damuwa. Sai dai ka ga ya daina rububin tuwo a ɗakin cin abinci, ko ya bar filin ƙwallo ya koma jikin katanga yana tsinke ciyawa. Wanda kuwa ya ba da bokitinsa kyauta, gobe ba za a gan shi ba. Malam Maccido ya san duk wannan. Ya ɗauko yara daga Sanyinna, daga Jabo, daga rugagen da babur ba ya kaiwa sai an ƙarasa da ƙafa. Ya zauna a zaurukan iyaye ya sha fura ya sha faɗa. Bai taɓa dukan wanda ya ɗauko ba. Yakan tsaya a hanya ya saya masa ƙosai, su ci a tsaye, sannan ya ce, "Hau mu tafi, rana na yi."

Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya bari yaro ya kwana uku a waje. Yakan ce kwana biyu fushi ne, a na uku yaro ya fara sabawa. Duk ɗalibin makarantar ya san wannan. Furfura ta fito masa da wuri, yara suka sa masa Baba Maccido, har waɗanda suka gama suka yi gemu haka suke kiransa.

Ɗansa na fari sunansa Mujtaba. Matarsa Atu 'yar Kebbe ce, can ta je ta haihu, can kuma aka kai yaron yaye wurin kakarsa Marka, bai dawo ba. A gindin Marka ya yi wayo, a bayanta ya yi barci, ita ta san abin da yake so da abin da yake tsoro. Da ya isa sakandare aka kawo shi makarantar da ubansa yake koyarwa, aka ba shi gado a ɗakin kwanan ɗalibai kamar kowa. Gidan malamai yana nan taku ɗari uku, amma sai ranar hutu yake shiga, ya gaida uwar da ita ma ba ta amsawa da baki, ya ɗauki ƙannensa ya yi musu wasa, ya wuce Kebbe.

Shekarar da ya shiga aji biyar, rabo ya sa Malam Maccido ne malamin ajin. Yara sittin da huɗu. Kullum da safe yakan buɗe rajista ya kira sunaye. In ya zo kan suna na talatin da takwas sai ya yi shiru na numfashi ɗaya, ya sa alamar halarta, ya wuce na gaba. Makon farko yara sun yi 'yar dariya, daga baya suka saba. Mujtaba yana zama a lungun baya ta hagu, kusa da tagar da ba ta da gilashi. Malam ya hori idonsa ya riƙa tsayawa a ginshiƙin tsakiyar aji, ba ya ƙetarawa.

Wuri ɗaya kawai yake ganin ɗansa yadda yake so. Duk mako biyu yakan karɓi littattafan aiki ya duba bayan la'asar a ƙofar gidansa. Na Mujtaba yakan ajiye shi ƙarshe. Yaron yana da hannun zana taswira, gulbi a wurinsa yana lanƙwasa kamar ya taɓa shiga cikinsa. Malam yakan daɗe yana kallo, ya shafa takardar, sannan ya sa maki da jan biro ba tare da ƙara kalma ɗaya ba.

Marka ta rasu a farkon zangon ƙarshe. Da saƙon ya iso, Malam Maccido ya je wurin Malam Rufa'i, mai kula da ɗakin kwanan yaron, ya ce, "Ka faɗa ma yaron Kebbe kakarshi ta cika." Rufa'i ya faɗa. Aka je aka yi jana'iza, aka dawo. Bayan mako uku wani ɗan ajin ya rasa uba. Shi kam Malam da kansa ya kira shi gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya goya shi a babur har ƙauyensu, ya wuni a zaman makoki. Duk makaranta ta ga fitarsu.

Ranar wata Laraba, ana saura kwana tara Babbar Sallah, ruwa ya sauka sau biyu, ƙasa tana ƙamshi, Malam ya zauna duba littattafai. Ya gama sittin da uku, ya miƙa hannu inda na ƙarshen yake zama, hannunsa ya taɓa tabarma. Ya sake ƙirgawa. Ya ɗaga tabarmar. Ya koma aji ya duba cikin tebur. Sannan, karo na farko a shekarar, ya ƙetare ginshiƙin ya je lungun. Feshin ruwan da ya shigo ta taga ya bushe a kan bencin, da 'yan ganyaye a manne. Ba wanda ya zauna a wurin tun kafin ruwan farko.

Ya sami Malam Rufa'i yana alwala a bayan masallaci.

"Malam Rufa'i, yaron nan fa?"

"Wane yaro, Malam?"

"Na Kebbe."

Rufa'i ya ajiye buta. "Ba gidanka shike ba? Ya ce min zazzaɓi ya kama shi, ka ce ya koma gida. Ranar Jumu'a waccan ta sama."

"Ba shi gidana."

"Innalillahi. Ai yau kwana goma sha biyu ke nan." Ya miƙe, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. "Na so in tambaye ka jikinshi, wallahi sau fuɗu ina zuwa har bakinka. Sai in ce wa zai tunkari Malam da zancen wanga yaro. Da munka duba rajista munka ga kana sa mishi alama, sai munka ce rufa mishi kake, munka yi shiru."

"Bokitinshi fa?"

Rufa'i ya ce, "Wani ɗan aji ɗaya na gani da shi."

Malam Maccido ya dafa bangon masallaci. Safiya takwas ta makaranta ya buɗe littafin nan, ya yi shirunsa na ladabi, ya shaida da hannunsa cewa yaron yana nan.

A gida ya tarar da Atu tana tankaɗe. Shekara goma sha takwas da aure, ba su taɓa zama sun yi zancen ɗansu na fari ba. Ya tsaya a tsakar gida bai san ta inda ake farawa ba.

"Ya zo nan?" ya ce.

Ba ta tambayi wa yake nufi ba. Rariyar ta tsaya a hannunta. "Tun yaushe?"

"Kwana goma sha biyu."

"Kai da kake ɗauko ɗiyan mutane kwana biyu." A hankali ta faɗa, ba da faɗa ba, ta ci gaba da kallon garin. "Kira Na'iya. In ba Kebbe ba, ba ni san ina zai nufa ba."

Na'iya ƙanen Atu ne, mai dillancin shanu a Kebbe. Wayarsa ta ƙi shiga, aka yi ta gwadawa har rana ta faɗi. Da asuba Malam ya sallame salla ya tada babur. Hanyar Kebbe ta sha ruwa, sau biyu yana sauka ya tura, sau ɗaya taɓo ya kayar da shi, ya tashi bai ko kakkaɓe ba. Mutane suna gonaki suna shuka, mai saran rami a gaba, masu zuba iri a baya suna rufewa da diddige. Ya bi wannan hanya don 'ya'yan mutane ya fi sau talatin, kullum da maganar da zai faɗa a shirye. Yau ya lalubi bakinsa bai sami komai ba.

Ya sami Na'iya a kara, inda ake lodin dabbobin Sallah zuwa kurmi. Tirela uku suna tsaye, ana kora shanu su hau ta tudun ƙasa, ana ɗaure ƙahoni a jikin ƙarfe. Na'iya ya hango shi, ya taho yana goge hannu a riga.

"Malam, kai ne da laka haka? Sannu da hanya. Sai yau?"

"Shina nan?"

"Shina nan. Kwana goma ya yi ɗakin Inna Marka. Na ɗauka hutu anka ba shi. Kullum da safe sai ya fito bakin hanya ya zauna bisa kututture, duk babur ɗin da ya ɓullo sai ya miƙe. Na ce kai, wa kake jira? Ya ce ba kowa. Shekaranjiya ya bar fita, ya zo ya ce in haɗa shi da mai mota."

"Ka haɗa shi."

"Ya ce kai ka ce ya nemi sana'a. Ni kuwa in kira ka in ce mi? In ce ɗanka? Ka taɓa ba ni fuskar hakan?" Ya ɗaga haɓa. "Ga shi can."

A saman tirelar tsakiya an shimfiɗa katakai a kan ƙarafa, a nan masu rakiyar shanu suke zama. Aikinsu, in saniya ta faɗi a hanya, su sauka cikin ƙahoni su tada ita kafin sauran su tattake ta. Kwana biyu ko uku ana haka, rana da ruwa. Mujtaba yana zaune a katakon gaba, ya ɗaure kai da tsumma, ƙafafunsa suna lilo a kan tozon wani farin sa. Ya ga ubansa. Bai sauko ba, bai kuma ɓuya ba.

Malam ya matsa gindin motar, idonsa a kan taya. "Na'iya, ce mishi ya sauko."

Na'iya ya ɗaga kai. "Ka ji. An ce ka sauko."

"Kawu, ce ma Malam na gaishe shi. Na riga na ɗauki alkawali."

"Ya ce ya gaishe ka."

"Ce mishi jarrabawa saura mako uku."

"Kai, ni kun mai da ni tangaraho," in ji Na'iya. "Ga ka ga shi, taku biyar."

Masu lodi suka fara taruwa. Wani tsohon dillali ya ce, "Ku bar malam da kunyarshi, mutanen kirki ke nan." Wani matashi ya ce, "Kunyar ta kai shi Legas, Baba." Aka yi dariya. Direba ya gama cin tuwonsa, ya zagaya yana dukan tayoyi da ƙarfe, ya hau ya tada inji.

Malam Maccido ya zaro makullin babur ya danƙa wa Na'iya. Ya tattare riga ya kama ƙarfen motar. Bai taɓa hawa irinta ba. Takalminsa ɗaya ya faɗi, wani ya jefa masa. Da ya kai sama, numfashinsa yana fita da ƙyar, ya rarrafa kan katakai, shanu suna huci a ƙarƙashinsa.

Direba ya leƙo. "Baba, ina zuwa?"

"Ta Tambuwal za ku fita titi?"

"Ta nan."

"To can za ni sauka."

Motar ta ɗaga. Sauran masu rakiya biyu suka ja baya suka ba su wuri. Tsakanin uban da ɗan bai fi kamu uku ba, ba su taɓa zama kusa haka ba. Malam ya san hanyar, ya san in ta yi tsawo sa'a biyu ce a wannan laka. Rabin sa'a ta tafi yana riƙe da ƙarfe, yana kallon gonaki suna wucewa.

"Ba ni sani ba," ya ce daga ƙarshe. "Sai jiya nig gane."

Mujtaba ya juyo. Idon Marka gare shi, ubansa bai taɓa lura ba. "Jiya?"

"Jiya da la'asar."

"Ni na ɗauka ka sani ka ƙi zuwa." Ya yi wata 'yar dariya. "Ashe ma ba ka sani ba. Malam, da ka bar ni da wancan zaton."

"Kunya ce. Haka munka taras. Ubana bai taɓa kiran yayana ba, kuma duk cikinmu shi ya fi so."

"Baffa Dikko? Na tambaye shi ranar sadakar bakwai ɗin Inna. Ya ce har tsoho ya mutu bai san ko shina sonshi ba. Ya ce sandar ma ya ɗauka don ba mai kiwo sai shi."

Motar ta faɗa rami, wata jar saniya ta durƙusa. Kafin Malam ya ankara yaron ya zame ya sauka cikin ƙahoni. Ya kama wutsiya, ya sa kafaɗa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Wani ƙaho ya wuce ta gefen haƙarƙarinsa ya yage rigar. Malam ya kwanta rub da ciki a kan katako ya miƙa hannu biyu.

"Mujtaba, fito. Don Allah fito."

Saniyar ta miƙe. Yaron ya kama ƙarfe ya hau da kansa, bai kama hannun ba. Ya zauna yana duba yagar rigarsa.

Daga nan Malam ya yi ta magana, ba tsari, ba irin ta aji ba. Ya faɗa masa ranar da aka haife shi ya yi tafiyar ƙasa daga bakin gulbi don babur ya mutu, ya isa Kebbe ya kasa shiga gidan, ya tsaya bayan danga ya ji kukansa ya juya. Ya faɗa masa yakan ajiye littafinsa ƙarshe. Ya ce in ajin ne ba ya so za a canza masa, in makarantar ce za a nemi wata, in gida yake so ga ɗaki. Ya ce uwarsa ba ta ci abinci ba tun jiya. Yaron yana saurare, kansa a sunkuye, wani lokaci ya share hanci da tsumman kansa.

"Ran na uku," in ji Mujtaba, "na ce wataƙila babur ɗin ne ya lalace. Ran na biyar na ce ruwa ya cinye hanya. Har na je na duba hanyar."

Malam ya mai da idonsa kan hanya.

Hasumiyar sadarwa ta Tambuwal ta ɓullo, sannan rufin kwano na ajujuwa can ta hagu, da layin darbejiya. Motar ta hau kwalta, ta rage gudu, ta tsaya ba a kashe inji ba. Direba ya danna oda.

"Mu sauka," in ji Malam.

"Na ɗauki alkawali. In na sauka mutum biyu ba su iyawa da shanu talatin."

"In ka kai su za ka dawo?"

"Ba ni sani ba, Malam."

"Baba, rana na yi," direba ya ce daga ƙasa.

Malam Maccido ya kama hannun ɗansa a wuyan hannu. Siriri ne, da zafi, jijiya tana bugawa a ciki. Ya riƙe. Yaron bai fizge ba, ya dai jira. Aka sake danna oda, masu shayin bakin titi suka fara ɗago kai. Ya saki.

Saukar ta fi hawan wuya. Mujtaba ya sunkuyo ya riƙe masa riga ta baya har ƙafarsa ta sami taya. Da ya taka ƙasa, motar ta juya hancinta hanyar Jega. Ya bi ta da ƙafa, sannan da ɗan gudu, riga duk kashin shanu, har ya wuce gidan mai, inda numfashi ya ƙare masa.

An yi Sallah, an yi jarrabawa, gero ya yi kai an girbe. Sau biyu Mujtaba ya kira wayar Na'iya daga wata kasuwar shanu a kurmi, kowane karo da lambar wani. Ya ce lafiyarsa ƙalau, a gaida Atu da yara. Da aka sake kiran lambobin, masu su suka ce yaron ya bi wata mota.

Malam Maccido ya roƙi firinsifal a ba wani ajin, aka ba Malam Rufa'i. Har yanzu yana koyar da labarin ƙasa. A zangon da ya wuce yara biyu sun gudu, ya ɗauko su duka. Ya nemi hutun wata guda a ƙarshen shekara, ya sa Na'iya ya rubuta masa sunayen kasuwannin shanu na kurmi guda bakwai, da sunan dillali ɗaya a kowace. Bai taɓa wuce Kwantagora ba. Atu ta soya masa gari da ƙuli, ta ɗinka wata riga daidai tsawon da take zaton yaron ya kai yanzu, ta sa a ƙasan jakar.